Warin Takalmin da Bai Dawo Ba

A layin nan da ya taso daga bakin tasha ya gangara zuwa tsohuwar kasuwa, babu wanda bai san Baba Hatimi ba. In ma akwai, to laifin ba nasa ba ne, domin bai taɓa yin ƙasa a gwiwa wajen gabatar da kansa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu a ofishin kwastan na kan iyaka, zaune bayan wata taga mai sandunan ƙarfe, yana buga hatimi a kan takardun bayin Allah. Da ya ajiye aiki aka karɓe hatimin, amma aka bar masa sunan, da wata tsohuwar kwat mai maɓallan tagulla, da kuma cikakken yaƙinin cewa duk faɗin ƙasar babu wanda ya laƙanci sha'anin ciniki tsakanin ƙasashe kamarsa.

Majalisarsa ita ce bencin ƙofar shagon Mai-aski. A nan yake zama kowace hantsi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya warware wa jama'a abin da ba su tambaye shi ba. Shi kuwa Mai-aski mutum ne mai ɗan karen tsokana, wanda ke ce masa "Yallaɓai" da wata irin murya da ba ka iya rarrabe girmamawa ce ko akasinta.

To, a shekarar da gwamnati ta soke harajin shigo da kaya, ta buɗe iyaka, sai layin ya cika maƙil da kayan waje: bokiti, tocila, laima, da takalman roba masu sheƙi waɗanda Mai-gwanjo ke jibgewa a kan tabarma yana sayarwa da arhar da ta kai mutum ya ji kunyar neman ragi. Wanda abin ya fi dafawa shi ne Baduku, mijin Auta 'yar Baba Hatimi, wato surukinsa. Mutum ne shiru-shiru, mai kyan hannu, wanda ke ɗinka takalmin fata da za ka sa shekara biyar yana nan. Sai ga shi takalma ɗari da ashirin sun taru a kan kantarsa suna shan ƙura, ba mai ko tayawa. A ƙarshe ya yanke shawarar sayar da keken ɗinkinsa, ya kwashi Auta da 'ya'ya su koma garin yayansa ya kama wata sana'ar. Har an yi magana da mai sayen keke, an ajiye cewa zai zo ɗauka ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Inna, matar Baba Hatimi, ita ta kawo masa labarin, tana share ido da gefen mayafi, ta ce in keken nan ya fita daga layin, to 'yarta da jikokinta sun fita ke nan. Baba Hatimi ya saurara, ya gyara murya, ya ce ta kwantar da hankalinta, matsalar ba ta kuɗi ba ce, ta jahilci ce, kuma an yi sa'a maganinta yana cikin gidan.

Washegari ya sa aka kira masa Baduku zuwa benci. Ya karɓi alli, ya nemi izinin Mai-aski bayan ya riga ya fara zane, ya ja dogon layi a bangon shagon daga sama har ƙasa. A dama ya rubuta ABIN DA YA SHIGO, a hagu ABIN DA YA FITA. Ya bayyana wa jama'a cewa kowace ƙasa tana da irin wannan bango, sai dai ba a ganinsa. In ɓangaren shigowa ya rinjayi na fita, to an samu giɓin ciniki, kuɗin ƙasa na tsiyayewa waje. Ya ce kuskuren mutanen layin shi ne sun tsaya suna kallon abin da ke shigowa, sun manta cewa ƙofar da aka buɗe ba shiga kaɗai ake yi ta cikinta ba.

"Ni da kaina zan fitar da takalman nan," in ji shi. "Kafin Asabar ɗin da kuke tsoro, mutanen ƙetare za su riƙa bin layi a ƙofar surukina."

Mai-aski ya tambaya ko Yallaɓai ya taɓa sayar da wani abu a rayuwarsa. Baba Hatimi ya ce bai taɓa ba, amma ya buga hatimi a kan kayan da in an jera su za su kai daga nan har bakin teku, kuma wanda ya ga ciniki ta taga ya fi wanda ke cikinsa ganin fasalinsa. Baduku dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka gani, Baba." Ba ya iya yi wa suruki musu, kuma ba shi da wata dabarar da ta fi.

Daga nan Baba Hatimi ya fito da abin da ya kira sirrin aiki. Ya ce a zamaninsa ya ga yadda kaya ke raguwa a hanya, buhu ya taso da ɗari ya isa da tamanin. Amma bai taɓa ganin ɓarawon da ya saci warin takalmi ba, don ba shi da amfani ga kowa. Saboda haka za a raba kayan biyu: warin hagu duka a buhu guda, a ɗora wa motar Litinin ta kai su ɗakin ajiyar tashar ƙetare, shi kuma ya bi da warin dama ranar Alhamis, a can a haɗa kowane wari da ɗan'uwansa. Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin an raba takalmi da ɗan'uwansa an ga alheri ba. Ya ce da ita ai shi ya sa ba a ɗauke ta aikin kwastan ba.

Buhun hagu ya tafi ranar Litinin, ya kuma ƙetare iyaka salin-alin. Ma'aikatan can suka buɗe, suka ga wari-wari ne, suka ce wannan ai samfur ne ba haja ba, suka ɗaga wa direba hannu. Da labari ya iso, Baba Hatimi ya sa Mai-aski ya rubuta a ɓangaren fita: wari ɗari da ashirin. Ya tsaya har aka ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis ya sa kwat, ya goge maɓallan da toka, ya hau gaban mota, buhun dama na bayansa. A ofishinsa na dā ya sauka yana jiran a miƙe masa. Sai ya tarar an rushe tagar tasa, an sa wani injin a wurin, ma'aikatan kuwa duk sababbin fuska ne. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, a matsa gefe, ana wucewa." Wannan bai karya masa gwiwa ba. Da ya isa ƙofar ƙasar maƙwabta aka miƙa masa takardar bayyana kaya, ya zaro alƙalaminsa, ya cike ta da irin rubutun da aka yi masa bulala a kansa a makaranta: takalman fata na sayarwa, daraja ta ɗaya, aikin hannu.

Jami'in ya yaba rubutun ƙwarai. Sannan ya nemi takardar shaidar lafiyar fata, da takardar ingancin ɗinki, da tambarin masana'anta, da izinin shigo da kayan dabba. Baba Hatimi ya yi murmushin manya, ya sanar da shi cewa an buɗe iyaka. Jami'in ya ce ƙwarai ya ji labari, ƙasarsu Baba ta buɗe tata ƙofar, Allah ya sanya alheri. Amma su tasu tana nan yadda take, ba haraji suke nema ba, takardu ne kawai. Baba Hatimi ya ce to ai waɗannan ma samfur ne, wari-wari ne kamar na ranar Litinin. Jami'in ya juyo masa da takardar, ya ɗora yatsa a kan kalmar "na sayarwa", ya tambaya ko wannan kyakkyawan rubutu na wani ne.

Da wani ne, da a nan ya juya. Baba Hatimi kuwa kwana biyu ya yi a bakin ƙofar, yana kawo sashe da ƙaramin sashe na dokokin da aka soke tun kafin a haifi jami'in, yana neman a kira masa babba, in an kira babba ya nemi wanda ya fi shi. Ranar Asabar, da ya ga har masu shara sun fara gaishe shi da suna, ya haƙura, ya ɗora buhun dama a motar da ke komawa gida, shi kuma ya taka da ƙafa ya ƙetara don ya ɗauko na hagu.

A ɗakin ajiyar tasha aka nuna masa wani allo da ke rataye a bango: kayan da suka cika kwana huɗu ba a zo ɗauka ba, a kan sayar da su a kan sikeli ga masu ɗaure dilar gwanjo. Jiya Juma'a aka sayar. Wa ya saya? Mai ajiya ya ce masu ɗaure dila sun fi ashirin, kuma ba su da ɗabi'ar barin adireshi. Abin da aka samu a kan buhun kuwa, ya ce, kuɗin ajiya ya cinye.

Ya dace a faɗi gaskiya, Baba Hatimi ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya fita yana yawo cikin kasuwar ƙetare don ya huce, kuma a nan ne ƙaddara ta ƙarasa aikinta. Ya ga agogon bango mai kukan tsuntsu duk sa'a, da arhar da bai taɓa ji ba. Ya tuna yanzu ba haraji, ya saya. Ya ga fulas ɗin shayi, ya ce na Inna. Ya ga laima mai buɗe kanta, da tabarau mai bakin zinariya wanda mai sayarwa ya rantse irinsa manyan alƙalai ke sawa. Da la'asar takalminsa na aiki, wanda ya sha tsayuwar kwana biyu da yawon wuni guda, ya buɗe baki. Babu baduku a kusa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sayi na roba mai sheƙi.

Haka ya sauka a tashar gida ranar Lahadi: agogo a hammata, fulas a hannu, laima a kafaɗa, tabarau a hanci, takalmin roba na ƙyaf-ƙyaf a ƙafa. Bai yi taku goma ba layin ya fito. Mai-aski ya bar kan wani mutum rabi a aske, ya ɗauki alli, ya tsaya a ɓangaren shigowa, ya roƙi Yallaɓai ya riƙa juyawa a hankali don kada a tsallake wani abu. Ya rubuta agogo, ya rubuta fulas, ya rubuta laima da tabarau. Da ya zo kan takalmin sai ya tsaya ya dubi Baduku, wanda ke tsaye a ƙofar shagonsa kusa da buhun dama, sannan ya rubuta da manyan baƙaƙe.

"Yallaɓai, ɓangaren nan ya cika," in ji shi. "In ci gaba a bangon maƙwabci?"

Baba Hatimi ya ce waɗannan ba sayayya ba ce, nazarin kasuwa ne. Dole mai fitar da kaya ya san abin da abokin gasarsa ke yi. Da aka tambaye shi warin hagu, ya ce suna hannun manyan 'yan kasuwar ƙetare, kuma a iya saninsa sun riga sun shiga harkar rarrabawa. A cikin wannan magana babu ƙarya ko ɗaya, abin da ya sa ya faɗe ta da ƙarfin zuciya ke nan. A cikin gida ne Inna ta ajiye fulas ɗin a gabansa, ta ce dā suna da takalma ɗari da ashirin da ba a saye, yanzu suna da wari ɗari da ashirin da ba za a iya saye ba, ta tambaya wanne sashe na doka ne ya yi bayanin wannan. Kafin ya ba da amsa tsuntsun agogo ya leƙo ya yi kuka sau tara, alhali ƙarfe huɗu ne.

Kwanaki suka shuɗe. Auta ta fara ɗaure kwanuka a cikin zannuwa. Baduku ya goge kekensa, ya zuba masa mai, ya lulluɓe shi da buhu. Baba Hatimi ya rage zama a benci, ya ce nazari ya yi masa yawa. In ya fito kuwa sai ya riƙa karo da turmi da kujeru, domin tabaran nan na alƙalai yana nuna masa kowane abu kamar a ƙarƙashin ruwa, shi kuma ya ƙi cirewa.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata, da hantsi, mai sayen keke ya iso da amalanke. A daidai lokacin ne kuma Mai-gwanjo ya jawo sabuwar dila tsakiyar layi, yana shelar cewa kayan ƙetare ne na musamman, bai taɓa samun mai nauyinta ba. Jama'a suka kewaye, har mai sayen keke ya ce bari ya ɗan leƙa. Aka yanke igiya. Bayan 'yan riguna da jakunkuna, sai ga takalman fata suna zubowa, an shafe su da baƙin mai suna ɗaukar ido, kowanne da tambarin zinariya manne a dunduniya, da rubutun harshen da ba wanda ya iya karantawa. Kafin ka ce me, hannuwa sun yi caa. Wannan na cewa fatar kamar auduga, wancan na cewa ai su can ba sa wasa da aiki.

Baba Hatimi ya ga dama ta samu ta maido da martabarsa. Ya ratsa taron, ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya gyara tabarau, ya kira surukinsa ya matso. Ya ce jama'a su shaida, wannan shi ne dalilin giɓin da ke jikin bangon can. Ya ce a dubi ɗinki, a dubi yadda aka lanƙwasa baki, a dubi dunduniya. Irin wannan sai injin da ya kai girman ɗaki, kuma shi a shekara talatin da ɗaya ya san kayan ƙasar da ta ci gaba ko da idonsa a rufe.

"Karɓi ka duba, ɗana," ya ce da Baduku. "Ba don in kunyata ka ba, don ka koya. Ranar da hannunka ya kai nan, ranar ƙasar nan za ta tsaya da ƙafarta."

Baduku ya karɓa da hannu biyu. Ya juya takalmin, ya ɗaga harshensa, ya daɗe yana kallon wasu 'yan ɗinki uku na jan zare da ke ɓoye a ciki, alamar da yake sa wa duk abin da ya fito daga kekensa. Sannan ya ce, a hankali, cikin ladabi, "Baba, ai nawa ne."

A daidai nan wata mata da ta rungumi guda huɗu ta ce ita fa duk na hagu ta samu. Wani ya ce shi ma. Mai-gwanjo ya durƙusa ya hau tonon dila kamar mai neman allura, yana jefo hagu bayan hagu. Mai-aski ya taka zuwa shagon Baduku, ya jawo buhun dama, ya zazzage shi kusa da tulin, ya ɗauki wari nan da wari can ya haɗa, suka zauna daram kamar ba su taɓa rabuwa ba. Dariyar da aka yi a layin ran nan, har direbobin tasha sai da suka aiko a ji ko lafiya. Baba Hatimi ya cire tabarau, ya dubi abin da ke gabansa da idon da Allah ya ba shi, ya mayar da tabaran.

Mai-gwanjo ya ce shi da kuɗinsa ya sayi dila, ba zai saki wari ko ɗaya ba. Baduku ya ce shi ma na dama nasa ne. Aka tsaya cirko-cirko, kowa da rabin haja. Inna ce ta ratso, mayafi a ɗamare, ta ce da Mai-gwanjo shi kamar ɗa yake a wurinta, ta san shi tun yana tallan ashana, kada ya sa ta tuna masa sauran. Ta ce ga jama'a nan sun riga sun yaba kaya da bakinsu, ba mai iya janyewa. A haɗa, a sayar a kan tabarmarsa, kashi ɗaya nasa, biyu na mai ɗinki, ta kuma ƙara masa da agogo mai tsuntsu da laima kyauta. Baba Hatimi ya buɗe baki zai yi magana a kan agogon, ta dube shi, ya rufe.

Mutanen da suka shekara suna wuce takalman nan a kan kanta ba su ko waiwaya ba, su ne suka riƙa ture juna a kansu. Wasu suka roƙi kada a ɓamɓare tambarin, Mai-aski kuwa yana gefe yana shela cewa a zo a sayi takalmin da ƙafarsa ta hagu ta yi karatu a waje. Mai sayen keke ya gwada guda, ya taka, ya biya, ya tambaya ko za a ɗinka wa ƙaninsa irinsa. Baduku ya ce sai dai in an bar masa keken. Mutumin ya dubi amalankensa, ya dubi ƙafarsa, ya tura abinsa ya tafi ba kaya. Kafin azahar Auta ta kwance kwanukanta.

Da aka watse, sai ga warin dama guda ɗaya a kan tabarma, ba ɗan'uwa. Aka sake zazzage dila, aka duba ƙarƙashin benci, babu. Ɗari da goma sha tara ne suka dawo. Mai-aski ya ɗauki tsumma zai goge ɓangaren fita gaba ɗaya, tun da abin da ya fita ya komo, har ma an biya kuɗin shigo da shi. Sai ya ji an riƙe masa hannu.

Baba Hatimi ne, ya ɗaura maɓallan kwat har wuya, warin daman nan a hammatarsa inda agogo yake dā. Ya ce a dakata. Ya ce a ƙa'idar aiki, duk abin da ya ƙetare iyaka bai dawo ba, sunansa kayan da aka fitar. Kuma a tarihin layin nan kaf, daga bakin tasha har tsohuwar kasuwa, ba a taɓa samun wanda ya fitar da ko tsinke ba sai shi.

"Rubuta," in ji shi. "Wari ɗaya. Ka ja layi biyu a ƙarƙashi."